Daga Tudu Zuwa Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Dazuzzuka da Ruwan Gaɓar Teku

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai, ma'aikatan gandun daji, jami'an kula da kamun kifi da masu shirin dashen itatuwa suka fi yawan yi. Mun fi tsayawa a wuraren da aiki ya saba ɓaci.

Me ya haɗa daji da teku har ake nazarinsu tare?

Ruwa ne ya haɗa su. Ruwan saman da ya sauka a kan tudu gangara yake bi, daga rafi zuwa kogi, daga kogi zuwa teku, kuma ba ya tafiya hannu rabbana. Yana ɗauke da laka, da taki, da duk abin da ƙasa ta kasa riƙewa. Inda akwai daji, ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, busasshen ganyen da ke ƙasa yana tsotsewa, saiwa tana riƙe ƙasa, sai ruwan ya isa rafi a hankali kuma garau. Inda aka share daji, zuwa yake yi lokaci guda, ja wur da laka.

An gwada wannan a fili a dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire a Amurka. A hunturun 1965 zuwa 1966 aka sare duk bishiyoyin wani kwari guda, aka bar su a kwance, aka riƙa fesa maganin ciyawa har shekara uku don kada komai ya tsiro. Ruwan da ke fita daga rafin kwarin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari a shekarar farko, sinadarin naitiret (abincin tsirrai irin na cikin taki) da ke cikinsa kuwa ya ninka fiye da sau 40. Ba wanda ya zuba taki. Abin da saiwar bishiyoyi ke sha ne ya rasa mai sha, ya bi ruwa. Shi ya sa mai kula da gaɓar teku ba zai gane abin da ke damun ruwansa ba sai ya ɗaga kai ya dubi abin da ake yi a tudun da kogin ya fito.

Yaya ake kafa filin awo a cikin daji?

Abu na farko, kada ido ya zaɓi wurin. Ɗan'adam kafarsa takan kai shi inda manyan bishiyoyi suke da kuma inda hanya ke da sauƙin bi, daga nan lissafin ya karkace tun ba a fara ba. A raba taswirar dajin gida-gida bisa yanayinsa, wato mai duhuwa, wanda aka taɓa sarewa, na bakin rafi, sannan a fitar da wuraren ta hanyar ƙuri'a ko a jera su bisa tazara ɗaya. Duk inda ƙuri'a ta faɗa nan za a je, ko da sarƙaƙiya ce.

Filin da aka fi amfani da shi a dazuzzukan ƙasashe masu zafi shi ne hekta ɗaya, mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, a yanka shi ƙananan gidaje 25 masu mita 20 kowane gefe. Don kusurwa ta fita daidai, a ja igiya mita 3 ta gefe ɗaya, mita 4 ta ɗayan. Idan tsakanin bakin igiyoyin ya ba da mita 5, kusurwar ta tsaya. Ga ƙaramin aiki, da'ira ta fi sauri: a kafa turke, a ja igiya mai mita 12.62 a kewaya, an sami fili mai murabba'in mita 500. Igiya mai mita 17.84 kuma tana ba da kashi ɗaya cikin goma na hekta.

A kan gangara, igiyar da aka shimfiɗa a ƙasa tana ba da fili ƙasa da yadda ake zato, domin ana lissafin faɗin fili ne a kwance kamar yadda yake a taswira. Ko dai a riƙe igiyar a miƙe sambal a riƙa aunawa gaɓa-gaɓa, ko a auna kaifin gangarar a ƙara tsawon igiyar. A kusurwoyi a binne guntun ƙarfe ko bututun roba mai kauri. Turken itace gara ce ke cinye shi, kuma na'urar GPS a ƙarƙashin duhuwa takan kauce da mita da yawa, ba za ta mai da kai kan kusurwar daidai ba bayan shekara biyar.

A ina ake auna kaurin bishiya, kuma waɗanne kurakurai ake yi?

A tsawon mita 1.3 daga ƙasa. A yanki sanda mai wannan tsawon a riƙa jingina ta, kada kowa ya auna da ƙirjinsa, tunda tsayi ba ɗaya ba ne. A gangara ana tsayawa ta gefen tudu. Idan babu tef na musamman mai ba da kauri kai tsaye, a auna kewayen a raba da 3.14. Yawancin filaye suna ɗaukar duk bishiyar da kaurinta ya kai santimita 10. Filin hekta 50 na tsibirin Barro Colorado a Panama, wanda aka fara a 1980, yana ɗaukar har mai santimita 1.

Bishiya mai saiwoyi masu faɗi kamar allo a gindinta ita ce ke ba da wahala. Wanda ya naɗa tef a kan waɗannan saiwoyi zai rubuta kaurin da babu shi. Ana hawa tsani a auna santimita 50 sama da inda suka ƙare, a rubuta tsawon wurin, a zana zobe da fenti. Tsirrai masu naɗo da suka manne wa bishiyar, a cusa tef ta ƙarƙashinsu. Idan ta rabu biyu ƙasa da mita 1.3, kowane reshe a auna shi daban.

Dalilin wannan tsanani: bishiyar babban daji sau da yawa milimita kaɗan take ƙarawa a shekara. Tef da ya karkace, ko ya zame sama da taku ɗaya, ya isa ya nuna cewa bishiya ta rame ko ta yi girman da ba ta yi ba. A buga lambar alminiyom santimita 30 sama da wurin awo, domin bishiya takan kumbura a inda ƙusa ta shiga, kuma a bar kan ƙusar a waje don kada ɓawo ya haɗiye lambar.

Ta yaya ake sanin yawan kabon da daji ke riƙe da shi?

Ba a sare bishiya a ɗora a sikeli. Ana amfani da ƙa'idar lissafi da aka fitar daga dubban bishiyoyin da aka riga aka sare aka auna. Wadda aka fi yi wa aiki a ƙasashe masu zafi ita ce ta Jérôme Chave da abokan aikinsa ta 2014. Abubuwa uku take buƙata: kauri, tsawo, da nauyin irin itacen. Bishiya mai kaurin santimita 30, tsawon mita 20, wadda itacenta ke da nauyin giram 0.6 a kowane santimita kubik, busasshen nauyin abin da ke saman ƙasa zai kai kilo 580 ko kusa da haka. Kimanin kashi 47 cikin ɗari na wannan kabon ne, wato kilo 273. A ninka da 3.67 a sami nauyin iskar kabon dayoksaid da ta zuƙa: kusan tan ɗaya.

Kauri yana shiga lissafin ne a ninke da kansa, saboda haka kuskure a kan babbar bishiya guda ya fi kuskure a kan ƙanana hamsin illa. A yawancin tsofaffin dazuzzuka, 'yan manyan bishiyoyi ne ke riƙe da kaso mai tsoka na nauyin. Su za a fi ɓata wa lokaci.

Tunda akwai hotunan tauraron ɗan'adam, me ya sa sai an shiga daji?

Hotunan suna da amfani ƙwarai. Landsat na aiki tun 1972, kowane ɗigo a hotunansa na yanzu mita 30 ne, kuma tun 2008 kyauta ake samunsu. Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, yana kaiwa mita 10. Da su ake ganin inda aka share daji da shekarar da aka share shi. Amma daga sama kore kore ne: gonar roba ko ta kwakwar manja takan yi kama da daji, saran ɗauki-ɗai-ɗai a ƙarƙashin inuwa ba ya fitowa sosai, dajin da mafarauta suka ƙarar da dabbobinsa yana nan lif kamar ba abin da ya same shi. Ga kuma gajimare da damina. Hoto yana faɗin inda za a duba, filin awo ne ke faɗin abin da ke wurin.

Yaya ake ƙidaya dabbobin da ba sa bari a gan su?

Da kyamarar da motsi ke tayarwa. A ɗaure ta a jikin bishiya santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa, ta fuskanci kudu ko arewa don kada hasken fitowar rana da faɗuwarta ya wanke hoton, a share ciyawar da ke gabanta, in ba haka ba iska za ta cika katin da hotunan ganye. A bar tazarar kilomita ɗaya zuwa biyu, a bar su aƙalla kwana 30.

Ga kifi, ƙaguwa da ƙananan dabbobi, ana kamawa a sa alama a saki. Misali, an kama 60 an yi musu alama. Bayan sun gauraya an sake kama 50, aka tarar 10 na da alama. A ninka 60 da 50 a raba da 10: kimanin 300 ke nan. Lissafin yana rushewa idan alamar ta goge, ko waɗanda aka taɓa kamawa suka koyi gudun tarko, ko aka daɗe har wasu suka mutu wasu suka shigo.

Ana iya sare katako ba tare da an kashe daji ba?

Ana iyawa, amma ɓarnar da aka fi yi ba ta bishiyar da aka ɗauka ba ce. Ta waɗanda ta danne da ta faɗi ce, da hanyoyin da motar jan gungume ta buɗe. Kafin injin ya shiga, a ƙidaya bishiyoyin da za a sare a sa su a taswira, a yi wa iyayen iri alamar kada a taɓa. Tsirrai masu naɗo da suka ɗaure kan bishiya da maƙwabtanta a yanke su wata shida zuwa shekara kafin sara, domin idan suna ɗanye, bishiya ɗaya za ta jawo uku. A kayar da ita ta inda gungumen zai fi sauƙin fita, kuma babu matasan bishiyoyi. A tsara hanyoyin ja tun a takarda, kada direba ya shiga nema da ido. Kada a ja gungume a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tayar mota tana daddanne ta ta zama kamar daɓe, ruwa ya daina shiga.

Hanyar mota ita ce babbar mai aika laka zuwa rafi. A yi mata magudanai masu kai ruwa cikin daji, ba cikin rafi ba, idan an gama aiki a tona ramuka a gicciye a toshe ta, don hanyar da aka bari a buɗe ita ke kawo mafarauta da masu share gona. A bakin kowane rafi a bar ɗamarar bishiyoyi da ba a taɓawa. Mita 30 kowane gefe shi ne awon da dokoki da yawa ke ɗauka, amma a kaifin gangara ko ƙasa mai saurin zaizaya bai isa ba.

Idan an bar guntayen daji a tsakiyar gonaki, ba shi ke nan ba?

Ya fi babu, amma guntun daji ba ƙaramin daji ba ne, wani abu ne daban. Binciken da aka fara a 1979 kusa da Manaus a Barazil ya nuna cewa zafi da bushewa suna kutsawa daga gefe har kimanin mita 100, ɓarnar iska kuwa tana iya kaiwa mita 300, kuma manyan bishiyoyi ne ke fara mutuwa. Guntu mai hekta ɗaya duk gefe ne, ba shi da ciki. Guntu mai zagaye ya fi siriri, kuma idan aka bar sabon daji ya tashi a kewayensa, ko aka haɗa shi da wani ta bakin rafi, dabbobi da tsuntsaye sukan dawo.

Me ake aunawa a ruwan gaɓar teku, kuma yaushe?

Zafi, gishiri, oksijin, tsamin ruwa, gurɓacewa da laka, naitirojin da fosfaras, da yawan gansakuka. Ruwan tsakiyar teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A bakin kogi kuwa yakan tashi daga kusan sifili zuwa sama da 30 a rana ɗaya. Wannan ya sa lokacin awo yake da muhimmanci kamar awon kansa. Cikar teku da janyewarta, wato hawan ruwanta kan gaɓa da komawarsa, suna jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Wanda ke zuwa ƙarfe goma na safe kowace Litinin, wani makon ruwan kogi yake aunawa, wani makon na teku, yana zaton ruwa ɗaya ne ke canzawa. A ɗaure awon da matakin cikar teku, a rubuta shi a kowace takarda.

Oksijin da asuba ake neman ƙarancinsa. Da rana gansakuka na fitar da shi har ruwa ya cika, da dare kowa na sha ba mai zubawa. Awon la'asar kan nuna lafiya lau a ruwan da kifi ke shaƙewa kafin gari ya waye. A auna sama, a auna ƙasa, domin ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, yakan hau kansa ya rufe shi kamar murfi. A daidaita na'urar awon oksijin kowace safiya, lokaci-lokaci kuma a gwada ta da tsohuwar hanyar Winkler ta 1888, ta auna oksijin da sinadarai, wadda har yau ita ce ma'auni.

Samfurin da za a kai ɗakin gwaji: a ɗauraye kwalbar sau uku da ruwan wurin, a ɗiba ta gaban kwalekwale nesa da injin, a tace nan take da mataci mai ƙananan ƙofofi na maikiron 0.45 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a sa cikin ƙanƙara a duhu. Idan zai wuce kwana biyu, a daskarar. Kwalbar da ta yini a rana, ƙwayoyin da ke ciki sun riga sun cinye abin da ake son aunawa.

Mene ne mataccen ruwa?

Wuri ne da oksijin ya faɗi ƙasa da miligiram 2 a lita. Ruwan teku mai zafin digiri 25 idan ya ƙoshi yana riƙe da kusan 6.7. Takin gona da ƙazantar gari suna shiga kogi, gansakuka ta samu abinci ta yi yawa, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye oksijin na ƙasa, murfin ruwan daɗi kuma ya hana sabo sauka. Kifi yakan gudu. Kawa, tsutsotsin laka da sauran masu zama wuri ɗaya mutuwa suke yi. A Tekun Mekziko, gaban bakin kogin Mississippi, irin wannan wuri ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,700 a 2017. Maganinsa yana gonaki da matatun ƙazanta, wasu da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku.

Me ya sa ake damuwa da ciyawar teku?

Ita ce makwancin 'ya'yan kifi da jatanlande, tana riƙe yashi, tana kwantar da laka. Kuma ita ce ke fara nuna ruwa ya gurɓace, saboda tana buƙatar haske mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wanda ya sauka a saman ruwa. Idan ruwa ya yi duhu, daga gefen zurfi take fara ja da baya. A kafa turaku a iyakarta ta zurfi a riƙa dubawa duk shekara.

Hasken ruwa kuwa da faifai fari mai faɗin santimita 30 ake auna shi, dabarar da Angelo Secchi ya gwada a 1865. A saukar da shi ta gefen inuwar kwalekwale, a rubuta zurfin da ya ɓace, a jawo a rubuta inda ya sake bayyana, a ɗauki tsakiya. A yi tsakanin hantsi da azahar, ba tare da baƙin tabarau ba. A mashigin Tampa na Florida an rasa kusan rabin ciyawar teku daga 1950 zuwa farkon shekarun 1980. Da aka rage naitirojin da ke fita daga ƙazantar gari, ruwa ya washe, ciyawar ta dawo har ta wuce eka 40,000 a tsakiyar shekarun 2010, mafi yawanta da kanta ta tsiro. Daga baya ta sake raguwa a wasu sassa, abin da ke nuna ba a daina awo don an ga sauƙi.

Me ya sa dashen mangurof ke yawan mutuwa?

Wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi kafin a kashe kuɗi. Mangurof su ne bishiyoyin da ke tsayawa cikin taɓon gaɓa inda teku ke shiga ta fita. A duniya sun rufe kimanin murabba'in kilomita 147,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar a Indonesiya. Dajin Sundarbans na Bangladash da Indiya shi kaɗai ya kai kusan 10,000. Ana ganinsu cikin ruwa sai a ɗauka ruwa kawai suke so. A gaskiya suna rayuwa ne daga tsakiyar matakin teku zuwa iyakar cikarta, inda ruwa ke rufe gindinsu kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci ko ƙasa da haka. Sauran lokacin saiwa tana numfashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dasawa a buɗaɗɗen taɓon da ke ƙasa da wannan mataki, don babu mai shi, ba rigimar fili, kuma yana kyau a hoto. Tsiron sai ya nutse, ko igiyar ruwa ta tumɓuke shi, ko ƙananan halittu masu ɓawo su manne masa har ya karye. Wani lokaci ma a kan ciyawar teku ake dasawa, a kashe wani abu mai rai don a kafa wanda ba zai rayu ba. Kuskure na biyu shi ne dasa jinsin mangurof da ake kira Rhizophora ko'ina saboda 'ya'yansa dogaye ne masu sauƙin cakawa, alhali bakin teku mai igiya na jinsunan Avicennia da Sonneratia ne. Nazarin da aka buga a 2008 kan dashen shekaru da dama a Filifin ya tarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai suka rayu.

Tsarin da ke aiki ya fara ne da tambayar me ya hana su tsirowa da kansu. A je dajin mangurof mai lafiya mafi kusa, a auna tudun ƙasarsa da inda kowane jinsi yake. Dogon siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu sun isa wannan awo. A kwatanta da filin da ake son gyarawa. Idan ganuwar tsohon tafkin jatanlande ce ta tare ruwa, a fasa ta a inda tsohon rafin yake. Idan hanya ce ta toshe, a sa kwalbati mai faɗi. Idan ƙasar ta nutse, a cike. Idan dabbobi ne ko masu itace, a zauna da mutanen wurin. Sannan a jira kakar iri ɗaya ko biyu. Inda akwai iyaye kusa, teku da kanta ke kawo 'ya'ya ta ajiye kowanne a matakinsa. Dashe na zuwa ne idan babu iri a kusa. Kuma a ƙidaya masu rai bayan shekara uku da biyar, ba adadin da aka caka ranar biki ba.

Idan an share mangurof an yi gona ko tafki fa?

Taɓon mangurof yakan ƙunshi ma'adinin ƙarfe da kibiritu. Muddin yana jiƙe ba ya cutarwa. Da an tona shi ko an janye ruwa iska ta shiga, sai ya koma asid, ma'aunin tsami na pH ya faɗi ƙasa da 4, wato tsamin ya yi ƙarfi sosai. Alamunsa rawayan tabo a laka da jan ruwa mai tsatsa a magudanai. Ruwan farko na damina yana wanke shi zuwa rafi ya kashe kifi. Ga kuma kabon: a mangurof mafi yawansa a cikin ƙasa yake, ba a bishiya ba. Shi ya sa ake cusa bututun awo aƙalla mita ɗaya, a yanka samfur a santimita 0 zuwa 15, 15 zuwa 30, 30 zuwa 50, da 50 zuwa 100, a busar a digiri 60 har nauyi ya daina raguwa.

Idan mai ya malala cikin mangurof ko fadamar gaɓa, me za a yi?

A tare shi tun yana kan ruwa, a datse bakin rafuka da shingen roba mai yawo. Da ya shiga, yana toshe ƙofofin numfashi na saiwa, ya bi ramukan ƙaguwa ya sauka inda babu iska, inda zai daɗe bai ruɓe ba. A nan gaggawar sharewa takan ƙara ɓarna: sawun mutane da injina na tura shi ƙasa. Bayan hatsarin jirgin Amoco Cadiz a Faransa a 1978, fadamar da aka kankare ƙasarta ta fi jinkirin farfaɗowa a kan wadda aka bari. Bayan malalar mai a Alaska a 1989, wankin duwatsu da ruwan zafi mai ƙarfi ya kashe halittun da man bai kashe ba. Kurkura da ruwan teku marar ƙarfi da tsane man da ke yawo sun fi aminci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ƙiyasta shekara 25 zuwa 30 kafin wurin ya farfaɗo.

Me ke sa murjani ya yi fari?

Zafi. Idan ruwa ya haura abin da ya saba a watan da ya fi zafi da digiri ɗaya ya daɗe, murjani, wato ƙananan halittun da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, yakan kori ƙananan gansakukan da ke ciyar da shi suna ba shi launi. Ana tara zafin mako-mako: digiri ɗaya na mako huɗu yakan kawo fari, na mako takwas mutuwa mai yawa. An ga haka a faɗin duniya a 1998. Mai kula da wuri ba zai sanyaya teku ba, amma murjanin da laka ba ta rufe ba, kuma ba a kame kifayen da ke kiwon gansakuka a kansa ba, ya fi saurin murmurewa.

Hana kamun kifi a wani yanki yana amfanar masunta?

Yana amfanarwa idan an kiyaye shi kuma an sa shi inda kifi ke haihuwa. Babbar macen kifi tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙarama, kuma abin da ya yi yawa a ciki yana tsallakowa waje. Ƙaramin wurin da mutanen tsibirin Apo na Filifin suka keɓe a 1982 ya nuna haka. A Madagaska, tun 2004 wasu ƙauyuka ke rufe wurin kamun oktofus (halittar teku mai hannaye takwas) na 'yan watanni su buɗe, abin da ya dace da halitta mai saurin girma. Kifi mai shekaru kafin ya balaga wata uku ba ya yi masa komai. Yarjejeniyar Kunming-Montreal ta 2022 kan kare halittu ta sa burin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku kafin 2030, amma iyakar da aka ja a ofis ba tare da masunta ba, a takarda take tsayawa. Jira kuma yana da tsada: kifin kod na Newfoundland a Kanada sai da ya kusa ƙarewa aka rufe kamunsa a 1992, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'a.

Ta yaya za a tabbatar aikin gyara ne ya kawo canjin da aka gani?

Da awo kafin aiki da bayansa, a wurin da aka gyara da kuma wasu wurare makamantansa da ba a taɓa ba. Idan kifi ya ƙaru a duka biyun, damina ce ta yi kyau, ba aikin ba. Wurin kwatance ɗaya bai isa ba, a nemi uku. Kuma samfur ashirin daga rafi ɗaya shaida ce a kan rafi ɗaya, ba a kan rafuka ashirin ba; wannan kuskure ya lalata rahotanni masu yawa. A fara awon shekara ɗaya ko biyu kafin a taɓa komai, ya ratsa rani da damina.

Idan za a canza na'ura ko mai awo, a yi tsohon da sabon tare na ɗan lokaci don a san bambancinsu. A rubuta da fensir a takarda marar jin ruwa, a ɗauki hotonta tun a fili, a shigar da ita kwamfuta cikin makon, a ajiye kwafi a wuri biyu. Inda aka duba ba a ga komai ba a rubuta sifili, inda ba a samu zuwa ba a rubuta ba a auna ba, domin wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara goma ba zai iya bambance su ba idan aka bar gurbin fayau.